Labarin da Ke Komawa Gida: Nazarin Zubin Hikayoyin The Simpsons

Tun daga daren 17 ga Disamba, 1989, sa'ad da gidan talabijin na Fox a ƙasar Amurka ya fara nuna The Simpsons a matsayin shiri mai zaman kansa, bayan ya yi fiye da shekara biyu yana fitowa gutsure-gutsure a cikin shirin Tracey Ullman, har zuwa wannan zamani da adadin kashi-kashinsa ya haura 750, akwai suka guda da ba a daina yi wa wannan wasa na zane mai motsi ba, wato cewa labaransa ba su zuwa ko'ina. Bart, ɗan fari, shekararsa 10 a daren farko, kuma su ne shekarunsa yau. Ƙanwarsa Lisa ba ta wuce 8 ba. Auta Maggie har yanzu a hannu take. Maigida kuwa, Homer, ko da yake an sha korarsa daga tashar lantarki ta nukiliya ta garin Springfield, ya kuma sha ajiye aikin da kansa, har ya taɓa zuwa sararin samaniya, ya taɓa shugabantar ƙungiyar ma'aikata, duk ranar da sabon kashi ya buɗe sai a same shi a kujerarsa ta da, gaban na'urorin da bai san kansu ba. Abin da nake nufin kafa wa hujja a wannan maƙala shi ne, komawar da labari ke yi zuwa inda ya taso ba aibi ba ce a zatinta, domin iri biyu ce: akwai wadda taurarin labarin suka biya kuɗinta da wani abu na ransu, akwai kuma wadda marubuci ya zartar da ƙarfin alƙalami kawai, martabar shirin kuwa tana hawa tana sauka ne gwargwadon wadda ta rinjaya a cikin biyun.

Adalci ne a fara da ba mai suka gaskiyarsa. Asalin wannan ƙa'ida ta komawa daga ciniki yake. Al'adar gidajen talabijin na Amurka ce, idan shiri ya tara kashi masu yawa, a sayar wa ƙananan tashoshi izinin maimaita shi kowace yamma, tashar da ta saya kuwa ba ta son a ɗaure ta da jeri, tana son ta ɗauko kashin 1993 yau, gobe ta ɗauko na 1990, mai kallo ya zauna ya fahimta ba sai an yi masa shimfiɗa ba. Wasannin barkwanci na iyali sun bi wannan hanya tun kafin Matt Groening ya zana mutanensa, ya raɗa wa huɗu daga cikinsu sunayen iyayensa da ƙannensa mata. Sai dai waɗancan wasanni, da yake 'yan Adam ne ke fitowa a cikinsu, dole yaro ya girma, muryarsa ta buɗe, furfura ta bayyana wa uba, har ala tilas a rufe shirin. Zane ba ya tsufa, muryar Bart ma ta mace baliga ce, Nancy Cartwright, saboda haka babu abin da ya hana shirin wuce The Flintstones mai kashi 166 a 1997, ya kuma wuce Gunsmoke mai kashi 635 a 2018. Amma sanin dalilin da ya haifi ƙa'ida bai isa a yanke hukunci a kan abin da aka aikata da ita ba, kamar yadda ƙafiya take ƙunci ga ƙaramin sha'iri alhali ita ce filin da babba ke nuna gwaninta.

A duba kashin farko. Mista Burns, mai tashar lantarki, ya soke kyautar kuɗin ƙarshen shekara; ajiyar da uwargida Marge ta yi domin Kirsimeti ta tafi wajen goge jarfar da Bart ya je aka yi masa a dantse; Homer, saboda kunyar faɗa wa iyalinsa gaskiya, ya ɗauki aikin shigar Baban Kirsimeti a ɓoye, da aka cire abin da za a cire ya tashi da dala 13, ya kai su filin tseren karnuka ya zuba a kan karen da ya zo na ƙarshe. A nan labarin ya mayar da shi inda ya fara, hannu wofi, sai dai mai karen ya kore shi don takaici, karen ya faɗa jikin Homer, suka tafi gida tare, kuma yana gidan har yau. Talaucin bai gusa ba, aikin bai sauya ba, amma mutumin ya tsaya gaban iyalinsa ya fara furta gazawarsa, suka karɓe shi da abin da ya kawo.

Kashin da ya buɗe zango na biyu, ranar 11 ga Oktoba, 1990, ya fi wannan zurfi. An gargaɗi Bart cewa idan ya faɗi jarrabawar tarihin Amurka zai maimaita aji huɗu; da dabara ta ƙare masa sai ya durƙusa ya roƙi Ubangiji ƙarin yini guda, dusar ƙanƙara ta sauka aka rufe makaranta, ya ɗauki abin wasansa zai fita, Lisa ta tare shi ta tuna masa cewa ta ji addu'arsa, kuma wanda aka amsa wa akwai bashi a kansa. Ya kulle kansa yana karatu, garin duka na murna a waje, yana marin fuskarsa don hankalinsa ya tsaya, duk da haka ya sami maki 59, saura ɗaya ya haye. Kukan da ya yi a gaban malamarsa Edna Krabappel, yana cewa wannan karon fa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yana daga cikin wurare mafi gaskiya da na sani a wasan yara ko na manya. A cikin kukan ne ya kwatanta halinsa da na George Washington ranar da ya miƙa wuya ga Faransawa a 1754, malamar ta ga lalle ilimin ya shiga, ta ƙara masa makin. Mai suka zai ce ai har yau Bart yana aji huɗu, to ina amfanin hayewar? Amsata ita ce, abin da kashin ya sa a gaba shi ne ya nuna yaron da kowa ya ɗauka ba ya ƙoƙari don bai damu ba, alhali tsoron ya ƙoƙarta ya kāsa ne ke hana shi, kuma mai kallo da ya ga wannan ba zai sake kallon ƙiriniyar Bart da idon da ba. Ajin bai sauya ba, saninmu da yaron ya sauya, kuma a cikin ƙwaƙwalwar mai kallo ne wannan shiri yake ajiye tarihinsa.

Babu inda wannan ma'ana ta cika kamar kashin da Jennifer Crittenden ta rubuta, aka nuna a Janairun 1995. Yara suna duba kundin hotunan gida, suka lura babu hoton Maggie ko ɗaya, suka tambayi dalili, Homer ya ba su labari. Wata rana ya gama biyan basussukansa, ya lissafa ya ga da 'ya'ya biyu zai iya rayuwa da ƙaramin albashi, sai ya yi wa Burns rashin kunya ya fita, ya kama aikin da ya daɗe yana buri a gidan wasan bolin, inda ake mirgina ƙwallo a kayar da 'yan sanduna, yana goge takalma yana jera sanduna cikin farin cikin da ba a taɓa ganinsa da shi ba. Ana haka Marge ta sami ciki. Albashin bai isa mutum biyar ba, ya nemi ƙari bai samu ba, dole ya koma tashar da ya raina, aka sa shi ya shiga ta wata 'yar ƙofa da aka keɓe wa masu roƙo, yana rarrafe, Burns ya mayar da shi aiki, ya sa aka kafa allon ƙarfe a gaban kujerarsa mai tuna masa cewa a nan zai dawwama. Ya je asibiti zuciyarsa a ƙuntace, jaririyar ta kama babban yatsansa, nan take ya so ta. Hotunan kuwa, in ji shi, suna inda ya fi bukatarsu. Sai aka nuna allon nan an lulluɓe shi da su, haruffan da suka rage a fili suna cewa ya yi domin ita. Abin lura a nan, ta fuskar zubi, shi ne marubuciyar ta ɗauki ainihin abin da ake sukar shirin da shi, wato Homer ba ya barin kujerarsa, ta ba shi sababi, ta mai da shi sadaukarwa. Daga ranar, duk kashin da ya buɗe da shi a wannan ɗaki yana ɗauke da nauyin da ba ya da shi a da, har da waɗanda aka yi kafin 1995 idan an sake kallonsu.

Akwai dai mas'alar da ta fi wannan wuya, ita ce ta halin mutum. A wani kashi na Janairun 1991 Homer ya ci kifi mai dafi da Japanawa ke kira fugu, wanda mai koyon girki ya yanka, likita ya ce da wuya ya wuce yini guda. Ya rubuta abubuwan da zai yi kafin ajali, ya koya wa Bart aske gemu, ya zauna ya saurari busar Lisa, ya ɗaukar wa Maggie saƙo a faifai, ya je ya sasanta da tsohonsa a gidan gajiyayyu, daga ƙarshe ya zauna a kujera yana sauraron karatun Littafi Mai Tsarki har barci ya ɗauke shi. Da gari ya waye Marge ta same shi da rai, ya yi alƙawarin ba zai sake tozarta ko sa'a guda ta rayuwarsa ba, abin da aka rufe kashin da shi kuwa shi ne hotonsa a gaban talabijin yana cin ƙwalam. Mai karatu zai iya cewa wannan izgili ne ga tuba. Ni ban gan shi haka ba. Malamanmu sun zayyana wa tuba sharuɗɗa uku, nadama a kan abin da ya wuce, da barin laifin nan take, da ƙudurta cewa ba za a koma ba, suka ƙara na huɗu idan akwai haƙƙin wani a ciki, wato a mayar masa da haƙƙinsa. Sa'an nan jumhurinsu suka tafi a kan cewa wanda ya cika waɗannan da gaskiya, daga baya rauni ya rinjaye shi ya koma, komawarsa ba ta warware tubar farko ba, sai dai wata sabuwa ta hau kansa. Ba da'awa nake yi cewa marubutan da ke zaune a Los Anjalas sun san wannan babi ba. Abin da nake cewa shi ne, sun lura da ɗabi'ar ɗan Adam da kyau har suka iske abin da malamai suka riga suka bayyana, cewa nadama takan zama ta gaske ko da istiƙama ta gagara, kuma mafi yawan mutane a tsakanin waɗannan biyu suke ƙare kwanakinsu. Dattijon da ɗansa ya rungume shi a wannan yini an rungume shi da gaske, zaman da Homer ya koma yi gaban talabijin bai ƙwace masa wannan ba.

Wanda ya zauna gaban malami ya karanta Maƙamat na Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, ba zai ga wannan zubi baƙo ba. Maƙama 50 ne, a kowace ɗaya Harisu ɗan Hammam yakan sauka wani gari ya tarar da wani mai fasaha ya tara jama'a yana karɓe musu dukiya da zaƙin baki, ya gane ashe Abu Zaidi ne mutumin Saruj a cikin sabuwar shiga, ya zarge shi, su rabu, a maƙama ta gaba kuma a sake kamar ba a yi ba, ba wanda ya taɓa cewa littafin ya gaza don Abu Zaidi bai shiryu a maƙama ta uku ba. Sai dai Hariri yana da abin da marubutan The Simpsons ba su da shi: ya san adadin maƙamominsa, ya ajiye ta 50 domin Abu Zaidi ya tsaya a masallacin Basra ya tuba tuba ta ƙarshe, ya koma Saruj ya duƙufa ga ibada, kuma wannan ƙarshe ne ke haskaka 49 da suka gabace shi. Marubucin da kamfani ke sabunta wa kwangila duk bayan 'yan shekaru ba shi da ikon rufe littafi, dole kowane kashi ya ɗauki nauyin kansa a cikin minti 22.

A nan ne sharaɗi na huɗu, na haƙƙin wani, yake zama ma'aunin da nake auna shirin da shi, kuma shekarar 1997 ta kawo kashi biyu da suka gwada shi. Na farko, na John Swartzwelder, a watan Mayu, ya shigo da Frank Grimes, mutumin da iyayensa suka yasar tun yana ƙarami, ya yi karatun kimiyyar nukiliya ta hanyar wasiƙa a 'yan lokutan da aikin ƙarfi ya bar masa, aka ba shi ɗaki kusa da na Homer. Ya ga malalaci wanda amincin tasha duka ke hannunsa yana barci a bakin aiki, ya je gidansa ya ga bene da mata da 'ya'ya da hotonsa a sararin samaniya, ya yi ta nuna wa mutane abin da ke gaban idonsu ba wanda ya kula, har hankalinsa ya gushe, ya kama wayar lantarki yana kwaikwayon Homer, ya mutu. A wurin jana'izarsa Homer ya yi barci yana sambatu, mahalarta suka fashe da dariya ana saukar da akwatin. Kashi ne mai ɗaci, kuma ina ganin girmansa, domin bai ɓoye cewa garin da kullum yake yafe wa mutum guda yana iya yin haka a kan gawar wani ba. Komawar ta auku, amma an bar mai kallo ya ga wanda aka danne, dariyar kuma ta zama tuhuma a kansa shi ma.

Na biyu, na Ken Keeler, a watan Satumba, shi ne inda nake ganin amana ta karye. Ana bikin cikar shugaban makaranta Seymour Skinner shekara 20 a kan aiki, sai ga wani mutum ya bayyana ya ce shi ne Skinner na haƙiƙa, wanda kowa ya sani kuwa sunansa Armin Tamzarian, maraya ne da ya yi yaƙin Biyetnam a ƙarƙashinsa, ya zo yi wa uwar Skinner ta'aziyya ya kāsa, ya zauna a matsayin ɗanta. Mutanen gari suka gwada na gaskiyar ba su ji daɗinsa ba, suka ɗaure shi a kujera bisa jirgin ƙasa suka kore shi, alƙali ya mallaka wa Tamzarian sunan mutumin da tarihinsa da mahaifiyarsa, ya kuma hukunta cewa duk wanda ya sake ambaton zancen za a azabtar da shi. Keeler ya kare aikinsa da cewa magana ce a kan jama'ar da ba su son a taɓa abin da suka saba da shi, kuma na yarda akwai basira a wannan. Amma Harry Shearer, mai muryar Skinner, ya fito fili ya ce bai dace a watsar da abin da aka shekara takwas ana ginawa ba, kuma ra'ayina yana tare da nasa. A kashin Grimes an nuna zalunci aka bar shi da nauyinsa. A nan kuwa an ƙwace wa mutum sunansa da uwarsa, ba wanda ya yi nadama, ba wanda ya yi asarar komai, sa'an nan aka juyo ga mai kallo aka umarce shi ya manta. Alhali, kamar yadda na nuna a kan Bart da Maggie, tunawar mai kallo ita ce kaɗai taskar da shirin yake da ita.

Ba daidai ba ne kuma a ce babu abin da ke tabbata a Springfield. Lisa ta daina cin nama a Oktoban 1995, mawaƙa Paul da Linda McCartney kuwa sun sharɗanta cewa ba za su sa muryarsu a kashin ba sai in za ta dawwama a haka, kuma ta dawwama. Iyayen Milhouse, abokin Bart, sun rabu a 1996 suka yi shekaru a rabe. Maude, matar maƙwabci Ned Flanders, ta mutu a Fabrairun 2000 ba ta dawo ba. Da Marcia Wallace, mai muryar malama Krabappel, ta rasu a 2013 aka janye malamar maimakon a ba wata muryarta. Waɗannan sun nuna cewa shirin yana iya riƙe abu idan ya so. Inda ya kāsa shi ne zamani. Wani kashi na 1991 ya ce Homer da Marge sun haɗu a makarantar sakandare a 1974, wani ya ce sun yi aure a 1980 da cikin Bart. A 2008 aka mayar da samartakarsu shekarun 1990, a 2021 kuma aka nuna Homer yana matashi ɗan makaranta a waɗannan shekaru. Wannan gyara ba makawa daga gare shi muddin yara ba su girma, amma yana da tsada, domin labarin mahaifiyar Homer, wadda ta gudu ta bar shi yana yaro a shekarun 1960 bayan ta shiga ɓarnata ɗakin binciken ƙwayoyin cuta na Burns, yana rataye ne da wani zamani takamaimai, kuma kowace sabuwar shekara tana ƙara raba shi da mutumin da aka ce ɗanta ne.

Marubutan sun taɓa kusantar tasu maƙama ta 50. A kakar 2011 saɓani ya tashi tsakanin kamfani da masu muryoyi a kan albashi, har aka yi zaton shirin zai tsaya, kuma mai kula da shi, Al Jean, ya bayyana cewa da hakan ta faru, kashin Kirsimetin wannan shekara ne zai zama na rufewa. An tsallaka da iyalin shekara 30 gaba: Bart ya rabu da matarsa, 'ya'yansa maza biyu ba su ganin girmansa, Lisa ta auri Milhouse, 'yarta budurwa ba ta sake mata fuska, Maggie shahararriyar mawaƙiya ce da tsohon ciki, Homer kuwa ya zama kaka mai haƙurin da bai taɓa yi da 'ya'yansa ba, har ya ɗauki jikokinsa ya kai su wurin tsohonsa, ya faɗa a gabansu cewa duk da kurakuran dattijon yana ƙaunarsa, wannan kuma ya sa yaran suka sassauta wa nasu uban. A ganina babu kashin da ya kai shi a cikin na shekarun baya-bayan nan, domin ya bar tubar da Homer ya yi ta maimaitawa tun 1989 ta haifi wani abu a zuriyarsa. An daidaita a kan albashi a watan Oktoba, aka sabunta kwangila ta zango biyu, saboda haka da aka nuna kashin ranar 11 ga Disamba, 2011, an nuna shi ne a matsayin kashi na tara na zango na 23, shirin kuma ya ci gaba.